Maccido Magini da Sunan da Aka Laƙa wa Unguwarsu

Duk wanda ya zauna a Bayan Dogo, unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Ƙaura Namoda, ya san Maccido magini. Daga Zurmi ya zo yana saurayi, ya fara da kwaɓa ƙasa, har ya kai shi ke ɗora azara. Rabin zaurukan unguwar aikin hannunsa ne. Mutum ne mai saurin fushi, amma ba a taɓa jin soron da ya gina ya rufta wa kowa ba.

Da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, baƙi suka riƙa zuwa daga Gusau duba garuruwa. Wata rana da hantsi wasu suka sauka daga farar mota a bakin unguwar. Maccido na kan katanga yana yaɓe, ya sauko ya wanke hannu, ya kawo musu ruwa. Babbansu bai sha ba. Ya dubi lunguna, ya dubi kwata, ya toshe hanci da hankici, ya yi ta Turanci da abokan tafiyarsa. Kalma ɗaya Maccido ya tsinta, don an yi ta maimaita ta: silam. Ta yi masa kama da sallama, har ya ce, "Madalla, mun gode."

Da la'asar ya tambayi surukinsa Armiya'u, mijin 'yarsa Kulsumu, wanda ke koyarwa a firamare.

Armiya'u ya sunkuyar da kai. "Baba, ba kalma ce mai daɗi ba."

"Ba daɗinta nit tambaye ka ba. Mi take nufi?"

"Turawa na faɗinta ga unguwar da mutane suka cunkushe cikin talauci da ƙazanta, gidajen duk sun lalace, irin wurin da ake ganin gara a rushe. Ba a kiran gida ɗaya da ita, sai unguwa dungurungum."

Maccido ya zabura. "Ke nan gabana aka zage mu, ni kuma nic ce mishi madalla?"

Ya yi jifa da butar da ke hannunsa. Ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Direban baƙin ne ya kai zancen tashar mota. 'Yan kabu-kabu suka ɗauka da wasa, in fasinja ya ce Bayan Dogo sai su ce, "Silam? Hau mu je." Kafin damina ta fita, ko a kasuwar hatsi haka ake kiran unguwar. Mutane suka fara jin kunyar ginin ƙasa, mai ɗan hali sai ya nemi bulo da kwano. Aiki ya yi wa Maccido ƙaranci. Daga baya aka zo da jan fenti aka shafa wa gidajen bakin hanya, har da zaurensa, aka rushe su wai za a yi magudanar ruwa. Ba a dawo ba.

Abin da ya fi ci masa rai, ya san kwatar da gaske tana wari. Ya tara maƙwabta da shebur, yana aiki yana faɗa, suka yashe ta tas. Wari ya tafi, suna bai tafi ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ya ji a rediyo cewa mai yi wa mutum ƙazafi zai sha bulala. Ya sa babbar rigarsa ya nufi gaban alƙali.

"Wa kake ƙara, dattijo?" in ji alƙali.

"Allah gafarta Malam, wanda yaz zagi unguwarmu gaba ɗai, da limaminta da matanta."

"Ya sunansa?"

"Ban sani ba. Dogo ne, shina da hankici."

Wasu suka yi dariya, alƙali ya tsawatar musu. Ya yi masa bayani a hankali cewa ƙazafi abu ne daban, kuma ba a shari'a sai da wanda ake ƙara. Ya ba shi haƙuri.

"Haƙuri!" Maccido ya miƙe tsaye. "An ɓata muna suna, an kada min zaure, kuma ni ka yin haƙuri?"

Sai da Armiya'u, wanda ya biyo shi, ya riƙo hannunsa suka fita.

Bai ƙara shekara a Ƙaura ba. Ya bar wa Kulsumu da mijinta gidan, ya koma Zurmi wurin ƙanensa, yana gina wa manoma rumbuna. Da Kulsumu ta haihu ya zo suna. A tasha wani ɗan kabu-kabu ya tambaye shi inda za shi, ya ce Bayan Dogo, yaron ya buɗe baki da sunan da ya saba. Maccido ya ɗaga masa sanda, sai da aka shiga tsakani. Da ƙafa ya ƙarasa, cikin rana, ya iso ana raba goro yana ta huci.