Ruwan Bidon da Ya Ƙi Sha

Na ga mutuwa iri-iri a sahara, amma akwai guda wadda ba za ta bar zuciyata ba har in koma ga Allah.

Shekarar da kowa ke gudu zuwa Djado neman zinariya, na tashi daga Agadez tare da wani mutumin Adar, maƙwabcina. A tasha kowa ya sayi bido, jarkar roba da ake ɗinke wa buhu don ruwa ya yi sanyi. Shi bai saya ba. Ya kanga mini salularsa a kunne, na ji wata murya tana cewa masana sun gano robar da rana ta dafa tana zuba guba cikin ruwa, duk wanda ya sha ciwon daji ne ƙarshensa.

Na ce, "Wa ke magana?"

Ya ce, "Babban likita ne, ɗan'uwa."

"Ka san shi?"

"Ba ka ji Faransancin da yake sakawa ba?"

Ya sayi salka guda. Salka kuwa yoyo take yi, ba ta kai rabin bido ba.

Bayan mun wuce Dirkou kamyo, babbar motar da muka hau, ya lalace, babu rijiya kusa. Shofer, wato direba, ya ce sai jiran wata mota. Muka shige ƙarƙashin mota. Salkarsa ce ta fara ƙarewa. Na miƙa masa bidona, ya kau da kai.

Na ce, "Sha, don Allah. Tun yaushe nake shan wannan? Ga ni."

Ya ce, "Ina da 'ya'ya ƙanana. Ba zan kai musu cuta gida ba. Mota na tafe."

Ba wawa ba ne. Tsoro ne ya shige shi, kuma 'ya'yansa yake tunani. Lokacin da ya galabaita muka danne shi muka ɗura masa, maƙogwaronsa ya daina karɓa. Da mota ta zo, mun riga mun rufe shi da yashi, mun aza tsohuwar taya. Bidona da sauran ruwa.

Har yau ban san ko maganar robar tana da gaskiya ba, ban yi karatu ba. Abin da na sani, ya guje wa ciwon da bai gani ba, ƙishin da ke gabansa ya kashe shi. Tun ranar, in an kawo mini labarin tsoro, sai na tambaya: wa ya faɗa, kuma in na bi, me zan rasa yau?