Takardar Kwalbatin Layinmu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Talatu, wadda nake bi. Ta daɗe tana sammakon zuwa Abuja daga Suleja, tana aikin buga takardu a wani ofis. Duk damina sai ta faɗo mini a rai, saboda kwalbatin layinmu a Kwamba.

Kafin a gina shi, da an yi ruwa sai kwata ta cika ta raba layin biyu. Yara su fasa makaranta, mai naƙuda kuwa sai an tallabe ta zuwa bakin titi. Matan layi suka ce tunda na yi sakandare, in rubuta wa wata ƙungiyar agaji takardar neman tallafi. Na cika shafi biyu da gaisuwa da yabon shugabansu, sai can ƙarshe na ambaci kwatar, don ina jin nauyin fara magana da roƙo.

Yaya ta karanta, ta cire tabarau ta ce, "Binta, wannan ai gaisuwar surukai ce. Mutumin nan takardu ne jibge a gabansa. Faɗa masa abin da ya kawo ki tun bai gaji ba."

Ta sa na sake. Sallama a taƙaice, sai matsalar da waɗanda take shafa, abin da muke nema, yashin da mazanmu za su kawo, da mai yashe kwatar bayan an gama. Ta hana ni ƙara gishiri, ta ce takarda amana ce. Sannan ta tura ni in karanta wa Madam Rifkatu, malamar da ta tare a gidanmu a makon, wai idan baƙuwa ta gane, kowa zai gane.

Amsar amincewa ta zo bayan mun yi sadakar arba'in ɗin Yaya.

Yanzu 'yata Hauwa a waya take rubuta irin wannan, ta neman keken ɗinki don ajin matan aure. Da Yaya na nan, na san za ta yi wa wayar tsiya, amma za ta ji daɗi, domin jiya na leƙa na ga buƙatar tana layin farko.

Yaran da ke tsallake kwalbatin nan da safe ba su san sunanta ba. Ni na sani, kuma Wanda ya fi ni sani bai manta ba. Allah ya kai mata ladan kowane taku.