Tsakuwar Dala

Duk lokacin da ruwan farko ya sauka, ƙamshin jar ƙasa ya tashi, sai na tuna da wata baƙar tsakuwa.

A unguwar Sheshe na taso. Daga saman soronmu ana hango Dutsen Dala, shirwa na kewaya kansa. Kakarmu ta kafa mana doka uku a kansa. Ba a hawa da rana tsaka. In za a hau, sai an yi sallama, domin akwai masu wurin tun kafin a gina ganuwa. Ta ukun ita ce mai tsanani: ba a saukowa da komai.

Biyun farko na kiyaye. Ta ukun na karya ina 'yar shekara tara. Na tsinci tsakuwa mai nauyi da santsi, na kai wa ƙanwata don wasan carafke.

Da fari ta daina wasa. Washegari ta ƙi abinci. A rana ta uku ta zauna tana fuskantar bangon da ke wajen dutsen, jikinta zafi rau. Da aka tambaye ta, sai ta ce ana kiranta.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta kwance bakin zanen yarinyar, tsakuwar ta faɗo. Ba ta taɓa ta ba, ni ta duba.

"Hannun da ya ɗauko shi zai mayar. Daidai inda aka ɗauko ta, ba kusa da wurin ba."

Kakanmu ya ce zazzaɓin damina ne, sauran duk camfi. Amma ya rufe rumfar turarensa a Kasuwar Kurmi tun kafin la'asar, ya riƙo hannuna.

Muka yi sallama, muka hau. Babu shirwa ko ɗaya, iska ma ta tsaya. Ina tsoron ba zan gane wurin ba, sai na ga wani ƙadangare ya kafe a gefen ɗan gurbi, yana kallona. An kwana biyu ba ruwa, ƙasa ta bushe ko'ina, gurbin kaɗai ke da danshi. Na ajiye tsakuwar, ta zauna daidai. Sannan ƙadangaren ya tafi.

Mun tarar da ƙanwata tana shan kunu. Ta ce, "Yaya, sun yi shiru."

Yau an yi wa dutsen matakala, yara na hawa ɗaukar hoto. Ban hana jikokina ba, amma kafin su shigo sai na zazzage aljihunsu a zaure. Ƙanwata kuwa ta yi furfura, kuma har yau in za ta zauna a tsakar gida, baya take ba Dala.