Sunan da Ban Sa a Shafina Ba

Shekarun baya, bayan na gama sakandare a garinmu Tudun Wada, na kama saƙar kayan jarirai, su hula da safa da 'yar riga. Hannuna na da kyau, ko maƙiyi ya shaida, amma daga matan layinmu ba wanda ya san ina yi. Ƙawata kuwa da ke Kwanar Dangora ta buɗe shafi a soshiyal midiya, har daga Zariya ake aiko mata da aiki. Sai abin ya tsaya min a rai.

Matsalar ita ce mahaifina. Bai taɓa duka na ba, amma in ya yi gyaran murya a zaure, har kajin gidan nutsuwa suke yi. Da na fara tuntuɓar mahaifiyata, hannu ta ɗora a ka, ta ce in rufa mata asiri, ita ta ji a rediyo ta nan ake sace 'ya'yan mutane. Na ce hoton safa kawai zan sa, ta ce ɓarawo ma ta safa zai gane gidan.

A gidanmu ba a tunkarar Baba da magana kai tsaye, sai an bi ta hannun goggo, ƙanwarsa. Na yi mata wanki, na yi mata tsifa, har da saƙa wa jikanta hula kyauta, kafin ta yarda ta kai maganar.

Ran nan bayan la'asar aka ce Baba na kira. Na je na same shi a zaure tare da goggo. Na durƙusa nesa da buzunsa, duk jawabin da na haddace ya gudu. Ya ce wa goggo ta nuna masa yadda abin yake a wayarta. Tsautsayi, tana buɗewa sai ga hoton wata baiwar Allah mai sayar da atamfa, a ƙasa mutane sun yi mata caa. Wani ya kira cikakken sunanta ya haɗa da ashar. Goggo ta yi wuf za ta wuce, Baba ya ce ta tsaya. Ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa yana karantawa a hankali. Na sallama da shafin, addu'ata kawai kada wayar ma a ƙwace.

Ni sunan kakata aka sa min, mahaifiyarsa, wadda ta rasu kafin a haife ni. Saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna yake ce min, yadda yake kiran ta.

Ya cire tabarau ya dube ni. Da ya yi magana, muryarsa rawa take.

"Inna, sunan da ke kanki na mahaifiyata ne. Ni da ta haifa ban taɓa buɗe baki na faɗe shi ba. Shi za ki kai inda kowane yaro zai kira shi gatsal, ya bi shi da zagi?"

A nan na gane ba ni kaɗai ce mai jin tsoro a zauren ba. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ce, "Baba, ba zan sa shi ba. Ko fuskata ba zan sa ba, daga zare sai hannuna."

Ya tambayi goggo ko ana yarda mutum ya shiga ba da sunansa ba, ta ce sosai ma. Ya ce to a rubuta Mai Saƙa, kuma duk ranar da sunan nan ya fita, ranar za a rufe. Na ce na ji, na fita da baya har ina tuntuɓe da butarsa.

An zage ni a shafin nan ba sau ɗaya ba, wata har ta ce safata kamar buhun barkono. Na ji zafi, amma Mai Saƙa aka zaga, na share na ci gaba da aikina. Har yau in zan danna wani abu sai na duba ko sunan ya maƙale a jikin leda ko takardar aike.

Ku da kuke yawan tambaya ta sunana na gaskiya, ku yi haƙuri, ba wulaƙanci ba ne. Sunan ba nawa ba ne ni kaɗai, na mahaifiyar Baba ne.