Labo Direba a Kujerar Gaban Jirgi

Duk wanda ya taɓa hawa mota daga tashar Gazawa zuwa Maraɗi a shekarun baya ya san Labo Direba, wanda kuwa ya taɓa zama a gaban motarsa ya san shi fiye da yadda yake so. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hularsa kullum a karkace, bakinsa jawur da goro. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana bin hanya ɗaya: Gazawa, Agye, Cadawa, Maraɗi, da la'asar ya juyo. Ya fara da tsohuwar Fijo, ya ƙare da farar bas mai ɗaukar mutum goma sha tara a takarda, ashirin da huɗu ranar kasuwa, ban da buhunan aya da aka jibga a sama.

Kujerar gaba kowa ya san ta fi tsada. Mutum ya ƙara kuɗi ya miƙe ƙafarsa, iska na kaɗa shi, babu akuyar kowa a kan cinyarsa. Sauran direbobi, da zarar ka biya sai su buɗe maka ƙofa. Labo kuwa sai ya tsaya ya duba idonka tukuna, ya tambaye ka ko ka yi barci jiya, ko ka cika ciki da fura. A motar Labo zaman gaba aiki ne. Na gaba shi ne idon direba na biyu: ya hango jaki tun kafin jakin ya yanke shawarar tsallakawa, ya ɓara goro, ya kawo hira ko da ta ƙarya ce. Barci ne kaɗai aka haramta masa. Har yau ana ba da labarin wani hamshaƙin ɗan kasuwa da Labo ya taka birki a tsakiyar daji ya mayar da shi baya cikin mata da kwanduna, don kawai kansa ya sunkuya sau biyu.

Mutane suna dariyar dokar, amma tsofaffin tasha ba sa yi. Sun tuna lokacin da Labo yake saurayi yana koyon tuƙi a hannun maigidansa Sale. Wata rana cikin azumi, da zafin azahar, wani alhaji ya sayi gaba ya baje yana minshari tun daga Agye. Barcin ya kama Sale kafin Cadawa, motar ta sauka daga kwalta ta rungumi bishiyar gawo. Kowa ya fita da ransa sai Sale. Labo ne ya ciro shi da hannunsa, kuma tun daga ranar bai ƙara kallon mai barci a gaban mota da idon rahama ba.

Hanya ba ta bar shi ya tafi haka nan ba. Ramukan da ya yi shekara arba'in yana faɗawa duk sun taru a ƙugunsa. Likita a Maraɗi ya ɗauki hoton bayan, ya ɗaga shi ga haske, ya ce ƙasusuwan sun goge juna, idan ya zauna ya wuce awa biyu bai kwanta ba bayan zai ƙage, kuma ba ya saki sai ya yi mako biyu ko uku a shimfiɗe. Labo ya sayar da bas, ya koma zaman benci a tasha yana gyara wa direbobin zamani tuƙinsu ba tare da sun tambaye shi ba.

Buri ɗaya ya rage masa. Ya kai alhazai Maraɗi ba adadi, ya ɗauko su da tsarabarsu, ya ji labarin dawafi a bakin kowa, har da na tsofaffin da ake turawa a keken guragu. Wannan shi ne abin da yake tsoro. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tuƙa jama'a, a ce a gaban Ɗakin Allah wani ne zai tuƙa shi? Ya sha gaya wa matarsa Tala, doguwar mace marar yawan magana mai sana'ar ƙuli da man gyaɗa, cewa zagaye bakwai ɗin nan da ƙafarsa zai yi su.

Autarsu Munira, wadda take aure a Yamai tana fataucin atamfa daga Kwatano, ita ta biya musu Umra su biyun. Da ta lissafa awa shida na jirgi ta tuna maganar likita, sai ta ƙara ta saya wa uban kujerar gaba, irin wadda ake danna maɓalli ta miƙe ta zama gado. Kuɗin wannan ɗaya ya kai na kujerun baya uku, don haka Tala ta baya aka yankar mata, ita kuma ko a jikinta.

Zancen ya cika tasha. Gado, tsohon ɗan kamasho abokin Labo tun na ƙuruciya, ya ce ɓarnar dukiya ce.

"Labo, jirgin ga gaba da baya ba tare suka sauka ba? Mi za a ba ka can wanda ya kai kuɗin bijimi biyu?"

"Ɗiyata ta ce har da gado."

"Gado gare ka a gida, kyauta."

Labo ya yarda da Gado a baki, amma hular ta ƙara karkacewa. Da aka kai shi Yamai, kwance a kan katifa a bayan motar wani tsohon yaronsa, tambaya ɗaya ya yi wa Munira: gaban nan, kusa da direba yake? Ta ce ƙofa ɗaya ce tsakaninsu. Tana ta haɗa musu kaya, ba ta lura da yadda ya gyaɗa kai a hankali ba. Washegari ya aika aka sayo masa goro ashirin, farare manya.

Da hantsi jirgin ya tashi. Labo, sanye da haraminsa fari, ya dubi wurin ya ga lallai an yi aiki. Kujera ta ci mutum biyu, ga tawul mai ɗumi, ga lemo a kofin gilashi, ga nama da ba sai ka yi kokawa da shi ba. Ma'aikaciyar da ke kula da su, Salima, 'yar Damagaram ce, Hausarta tas. Labo ya yafito ta, ya zaɓi goro biyu mafi kyau ya miƙa mata.

"Ɗiyata, kai ma direba. Ki ce mai na gaba na gaishe shi, in yana son hira ina nan."

Salima ta ce ƙofar a kulle take, ba mai shiga. Ta dai karɓi goron da hannu biyu ta naɗe a takarda, don tarbiyyarta ba ta bari ta mayar wa dattijo kyauta.

Bayan an kwashe kwanuka sai abin ya faru. Aka sassauke murafun tagogi, aka rage fitila, kujeru suka dinga miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Labo ya waiga dama, ya waiga hagu. Mutum goma sha ɗaya, manya-manya masu agogon zinariya, sun ja bargo da rana tsaka, wani har da ƙyalle ya ɗaure idonsa don kada ya ga komai ko da kuskure. Na kusa da shi ya soma minshari, irin minsharin da Labo ya sani. Mutum ɗari biyu da wani abu a baya, Tala a cikinsu, ga gaba gaba ɗaya ya kwanta.

Ya ɗaga murfin tagarsa, ya gyara zama ya miƙe bayansa kamar an dasa shi, ya kafa wa gajimare ido. Babu jaki, babu rami, amma ya duba. Ya ɓara goro. Ya yi gyaran murya mai ƙarfi don a jiyo shi ta bayan ƙofa. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta kama hanya, sai ya ji zafin nan da ya sani ya taso daga ƙugu yana sauka ƙafar hagu.

Salima ta ga gumi a goshinsa, ta durƙusa ta nuna masa maɓallin.

"Baba, nan za ka danna ka kwanta. Don shi aka biya kuɗin."

"In na kwanta wa za shi riƙe hanya?"

Sai a nan ta gane. Ta ce matuƙan su biyu ne a ciki.

"Biyu sun hi muni. Kowa shina dogara ga ɗan'uwa nai."

Ta ce ai yawancin tafiyar ma na'ura ce take tuƙi. Da ta san shi da ba ta faɗi wannan ba, domin Labo ƙara ɓara goro ya yi. Ya san abin da yake jawo wa kansa da zaman nan. Yana jin bayan yana ɗaurewa, yana ganin keken guragun a idonsa, har da mai tura shi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, idonsa ya kawo ruwa. Amma ya taɓa ciro mutum daga mota, kuma bai ga yadda zai yi ya kwanta ba.

Salima ta tambaye shi ko da wani yake tafiya. Can sai labulen da ya raba gaba da baya ya motsa, Tala ta shigo da hijabinta tana takawa a hankali. Ta dubi masu barci, ta dubi mijinta, ba ta buƙaci bayani ba.

"Malam, kwanta. Ni za ni riƙe maka."

"Ke?" Ya yi ƙasa da murya. "Ke da kinka yi kwana tun ba mu kai Agye ba?"

Gaskiya ce. Shekarar aurensu ya taɓa sa ta a gaba sau ɗaya, ta yi gyangyaɗi, ya mayar da ita baya kusa da buhunan aya. Shekara talatin da takwas ke nan ba ta ƙara zama gaban motarsa ba, ko ranar da ya kai ta haihuwa.

"Lokacin ina da cikin fari, ba ka sani ba," in ji Tala. "Yanzu ba ni da komi. Ba ni goron."

A ƙarshen kujerar, inda ake ɗora ƙafa, akwai ɗan wurin zama da ɗamararsa. Salima ta leƙa ta nemi izinin babbarsu, ta dawo ta ce Tala tana iya zama nan har a kusa sauka. Labo bai miƙa wuya nan take ba, sai da ya karanta mata dokoki: ido a taga, baya a miƙe, in ta ji ƙarar injin ta canza ta tashe shi, in ta ji nauyin ido ta ciji goro. Tala tana cewa to, to, kamar ba ita ta ji waɗannan dokoki sau dubu a tsakar gida ba. Sannan ya danna maɓallin. Kujerar ta tafi da shi a hankali, ƙashin bayansa ya sauka a kan laushi, ya saki wani dogon numfashi. Ya ce shi ba barci zai yi ba, miƙewa ce kawai. Bai kai ƙarshen maganar da kyau ba ya bi sahun masu agogon zinariya, minsharinsa ma ya fi nasu tsari.

Sai da aka zo sauka Jidda Salima ta tashe shi. Tala ta riga ta koma kujerarta. Ya taka matakalar jirgi da ƙafarsa, yana ɗingishi kaɗan.

Washegari da safe suka shiga Harami. Masu keke suna jere a bakin hanya suna kiran tsofaffi, ɗaya har ya turo nasa gaban Labo, Labo ya kau da kai. Ya ɗora hannu a kafaɗar Tala suka shiga cikin jama'a. Zagaye uku na farko lafiya. A na biyar ƙafar hagu ta fara ja, a na shida ya tsaya sau biyu, mutane suna ratsa su ta ko'ina. Na bakwai da ƙyar da addu'a aka yi shi, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. Ya cika bakwai a tsaye.

Bayan sun yi raka'a biyu suka samu gefe suka zauna su huta kafin Safa da Marwa. Tala ta ɗebo musu zamzam. Ta daɗe tana juya kofin a hannunta.

"Malam, wurin ga ba a ɓoye gaskiya. Cikin jirgi na yi kwana. Ban san sadda ya ɗauke ni ba."

Labo ya kurɓi ruwansa, idonsa a kan Ka'aba.

"Na sani. Kanki ya faɗo bisa ƙafata, na farka na gan ki da goro a hannu."

"Ba ka tashe ni ba?"

"Kin gaji, Tala. Na ja miki bargo, na ce Allah shi riƙe hanyar, na koma kwanana."