Abin da Malamin Kalmalo Bai Faɗa Ba

Mun tashi daga Sakkwato bayan sallar asuba, mu uku a motar jami'a: ni da direba da shugaban sashenmu na falsafa, wani Bature mai rubuta littafi kan yadda Hausawa suka fahimci gaskiya. Ni ne tafintansa. A jakarsa kuma akwai takardar da za ta kai ni ƙarin karatu Ingila, bai sa mata hannu ba tukuna.

Hanyar Illela gargada ce zalla. An ce tun kafin 'yancin kai ake alkawarin gyara ta, ko da yake ban tabbatar ba. A bakin iyaka mun tarar da sabuwar tutar ƙasarmu a kan rumfar 'yan kwastan, raƙuma kuwa suna ta wucewa ta bayan rumfar abinsu. Mai furar da na tsaya wurinta sai da ta tambaye ni, sule zan ba ta ko sefa, kuɗin tsallaken iyaka.

Da hantsi muka isa Kalmalo, zauren wani dattijon malami kusa da tafki. Aka kawo mana soyayyen kifi. Malam ya yi bayani dalla-dalla kan bambancin abin da mutum ya gani da ido, da wanda ya ji daga amintacce, da wanda ya bazu a gari kawai. Ban ga Baturen ya ɗaga alƙalami ba. Sai ya tambaya ko akwai gaskiyar da ba wanda zai taɓa saninta.

Malam ya ce, “Wanga babi ban karance shi gaban malamina ba, kuma ba ni hwaɗin abin da ban ɗauka ba. Ku tai Ƙonni, akwai wanda yas san shi.”

Nan ne alƙalami ya fara gudu. Malam ya dube ni. “Ɗana, mi shika rubutawa haka, ni ko ban ce komi ba?”

Ba mu tsallaka iyaka zuwa Ƙonni ba. A mota Baturen ya karanta mini shafi biyun da ya rubuta: wai malaman ƙasar nan hadda kawai suka iya, ba su da tunani kan gaskiya. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Da muka komo jami'a ya miƙo mini shafukan, in sa hannu a matsayin tafinta cewa haka aka yi. Na ce wataƙila ban fassara daidai ba, gara a sake komawa wurin Malam. Ya ce a'a ko i yake so. Na ce a'a.

Takardata tana jakarsa har yau, wataƙila nan za ta tsufa. Shekara uku na yi ina karanta gaskiya a littattafai. A Kalmalo na fara ganin mutumin da ya tsaya daidai inda saninsa ya ƙare. Asabar mai zuwa zan shiga motar haya zuwa Ƙonni.