Mai Takaba a Ajin Ƙarshe

Fauziya Sulemana tana aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti da ke bayan Kasuwar Malam Atta. Duk wanda zazzaɓi ya kai shi can da safe, ita ce mai farar rigar da za ta ce ya miƙo yatsa ya kau da kai. Muryarta ƙasa-ƙasa take, har wasu kan ce ta maimaita. Suna ɗauka ladabin aiki ne. A takaba ta koyi maganar haka, kuma muryar ba ta koma yadda take ba.

A Nima aka haife ta, a Maamobi ta yi aure. Mijinta Gafaru mai haɗa tagogin alminiyom ne, kuma ɗaki ɗaya suke da shi a gidan mahaifiyarsa, Hajiya Memuna, wadda kowa ke kira Mma. Lokacin Fauziya tana shekarar ƙarshe a wata kwaleji da ke koyar da aikin gwaje-gwajen asibiti. Da safe aji, da rana ɗakin gwaji, da la'asar kuma tana tsaron wani shagon magani a bakin titin Nima. Gafaru kan ce shi bai san wace ce matarsa ba a cikin 'yar makaranta da mai shago, ya dai san dukkansu a gajiye suke shigowa.

Wata Talata ya faɗo daga hawa na uku na wani gini da ake yi a bayan gari. Kafin rana ta faɗi an kai shi maƙabartar Awudome. Shekarun Fauziya ashirin da uku, kuma littafin da ta bari a buɗe a kan gado da safe yana nan a buɗe.

Bayan sadakar uku matan gida suka zaunar da ita. Goggo Luba, yayar mahaifin Gafaru, ita ta yi bayani, don ta binne maza uku, kuma babu wanda ke ja da ita a wannan fanni. Ba turare, ba kwalli, ba duba madubi. Zane ɗaya mai duhu da mayafinsa. Ba ɗaga murya. Ga wata 'yar wuƙa mai kube da za ta riƙe duk inda take, saboda abin da ido ba ya gani. Sannan ba za ta tsallake kwatar ƙofar gida ba sai wata huɗu da kwana goma sun cika.

Ita ma kwalejin tana da nata tsarin. Ta ware mako guda domin baƙin ciki, kuma a ganin waɗanda suka tsara, ya isa. Madam Ansa, mai kula da ɗakin gwaji, ta zo gaisuwa da baƙin zane da katan ɗin ruwa. Ta zauna a kan tabarma ta yi hawaye na gaske, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ajin su Fauziya shi ne na ƙarshe a wannan karatu, daga su za a rufe shi a buɗe wani mai shekara huɗu. Wanda ya ɗage zango ba shi da ajin da zai komo ya tarar. Ko ta dawo ranar Litinin, ko shekara biyu da rabi sun tafi a banza.

Aka kira Malam Zuberu, limamin masallacin layi. Ya ce mai takaba tana iya fita da rana don buƙatarta, in dai ba ado, kuma a gidan mijinta za ta kwana. Da aka tambaye shi batun wuƙa, sai ya duba agogo ya ce lokacin salla ya gabato.

Yana fita Goggo Luba ta ce, "Malam ya san littafi, amma bai san bakin Maamobi ba. Kabari bai bushe ba, a ga yarinya da jaka a kafaɗa tana tsaron mota ita kaɗai? Wa za a zaga? Ba Malam ba ne. Gidan nan ne."

Tun ranar da aka yi rasuwar, Mma Memuna ba ta ce komai ba sai amsa gaisuwa. Gafaru ne ɗanta namiji tilo. Ta ɗago kai ta ce, "Yaya Luba, abin da ake gudu shi ne a gan ta ita kaɗai?"

"Shi ne."

"To ba za a gan ta ita kaɗai ba."

Haka wata tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, ta fara zuwa kwaleji kullum. Suna fita da sassafe, Mma a gaba, Fauziya a baya da kai a sunkuye. Torotoro ɗaya, wato motar haya, zuwa shataletalen Sakul, wani daga Sakul zuwa ƙofar makaranta. Kwandastoci suka san su, suna ajiye wa tsohuwar kujerar bakin ƙofa, don sun gane cewa jiran ta sauko daga baya ya fi cin lokaci.

Ranar farko mai gadi, wani mutumin Bolga da ake kira Atinga, ya ga wuƙar a jakar Fauziya, ya ce doka ta hana. Mma ta miƙa hannu ta karɓa.

"Ni zan riƙe mata. Ai ina kusa."

"Hajiya, kai ma ɗalibi ne?" in ji Atinga da irin Hausarsa ta bariki.

"Ni ce shugabar makarantar. Ba ni wurin zama."

Ya ba ta benci a ƙarƙashin dalbejiya kusa da ɗakinsa. A nan Mma take wuni da carbi da buta. Wuƙar da aka tanada don korar abin da ido ba ya gani, da ita ake feraye lemu, ita rabi, Atinga rabi. A ciki kuma Fauziya takan ɗora farar riga a kan zanen takaba, ta shafa jini a gilashi, ta leƙa na'ura tana neman ƙwayoyin zazzaɓi. Malamai suka koyi matsowa kusa in za ta amsa tambaya. Ba wanda ya ce ta ɗaga murya tun ranar da ɗaya ya ce, ta yi ƙoƙari, kuka ya fito a maimakon amsa.

Mai shagon magani ya yarda ta riƙa tashi kafin magariba, ta rama sauran lokacin ranar Asabar. Nan ma aka sa wa Mma kujera a bakin ƙofa. Masu saye suna ɗauka tana cikin ma'aikata, sukan tsaya su kwatanta mata ciwonsu. Takan saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta nuna musu ciki. Wasu sun ce sun fi jin daɗin wannan sashe.

Abin da ya fi wuya shi ne la'asar sakaliya. Dole su shiga gida kafin a kira sallar magariba, ga cunkoson titin Nima, ga gwiwar tsohuwa. Fauziya takan yi karatu a tsaye a bayan kanta, ta yi a mota, ta yi tana jiran tuwo ya nuna, don har yanzu ita ke dafa na gidan. Ta rame. Ta faɗi gwaji ɗaya, ta sake. Wata rana a torotoro ta ce, "Mma, ki huta gobe. Ƙafarki ta kumbura."

"In zauna in yi me?"

"Ki karɓi masu gaisuwa."

Tsohuwar ta juya ta kalli titi. Ta ce, "A gida kowa ya shigo sai ya ce in yi haƙuri. A bencin nan ba wanda ya san Gafaru. In na yi kuka, Atinga yakan tashi ya je duba motoci, ko da babu mota."

Ba su sake tayar da maganar ba.

Jarrabawar ƙarshe ta aikin hannu ta faɗo a makon ƙarshe na takaba. Irin jarrabawar da ba a yi wa mutum ita daban ce, don masu dubawa daga waje suke zuwa, rana ɗaya. Da asubar ranar, Mma ta yunƙura ta kasa. Gwiwar ta yi suntum, ga zazzaɓi. Sau biyu ta gwada, sau biyu ta koma kan katifa. Fauziya tana tsaye da jakarta a bakin ɗaki.

Goggo Luba ta leƙo ta ce, "To, Allah ya yanke. Saura kwana nawa ne a fita? Ta haƙura mana. An ci wata huɗu lafiya, sai a ɓata a ƙarshe?"

Fauziya ta sauke jakar daga kafaɗa, ta riƙe ta a hannu.

Mma ta ce, "Fauziya, maganin gwiwar nan da kike kawo mini ya ƙare?"

"Akwai saura, Mma."

"Na ce ya ƙare?"

Fauziya ta dube ta. Ta ce, "Ya kusa."

"To je ki sayo mini. Ki bi ta makarantarku, ki gai da Atinga. Ba sauri nake ba."

Sannan ta sa jikokin makwabta mata biyu suka kama ta, suka kai ta ƙofar gida, suka zaunar da ita a kujerar roba, ƙafar a kan bokiti. Fauziya ta tsallake kwatar ita kaɗai. Layin yana cike da masu sayen koko, kuma babu wanda bai gani ba.

Mma ta wuni a wurin. Duk wanda ya wuce, ko ya tambaya ko bai tambaya ba, takan ce, "Ni na aike ta." Ta faɗa wa mai ruwa, ta faɗa wa matan layi, ta faɗa wa Malam Zuberu, wanda ya ce madalla ya wuce. A Maamobi ana iya zagin bazawarar da ta fita yawo. Wadda surukarta ta aika sayen magani kuwa, sai dai a yaba mata biyayya. Da rana ta yi zafi Goggo Luba ta fito da lema, ta tsaya a kanta tana faɗa, ba ta kuma sauke lemar ba.

An kira magariba Fauziya ba ta iso ba, don masu dubawa sun makara. An idar da salla sannan ta shigo layi, tana tafiya ba gudu, da ƙullin magani a hannu. Ta durƙusa ta miƙa.

"An samu?" in ji Mma.

"An samu, Mma."

Ranar fita takaba aka yi mata wanka da kitso, aka raba waina, ta sa sabuwar atamfa. Da yamma ƙannen mahaifinta suka zo daga Nima suka tafi da ita da akwatunanta, kamar yadda aka saba. Babu ɗa a tsakani, babu abin da zai riƙe ta a gidan. Mma da kanta ta ninke mata kaya. Wuƙar ce kawai ba ta mayar wa kowa ba.

Sakamako ya fito bayan wata biyu. Fauziya ta ci, ba da yabo ba, ta dai ci. Ajin nasu aka rufe kamar yadda aka ce.

Yanzu a Nima Fauziya take kwana, a ɗakin da ta taso. Ranar Juma'a in ta tashi aiki takan bi ta Maamobi da maganin gwiwa da lemu. Mma ba ta fita ko'ina. Matan gidan sun ce har yau da sassafe takan yi shiri, ta yafa mayafi, ta zauna a bakin gado har rana ta ɗaga, sannan ta cire. In Fauziya ta zo, Mma takan feraye lemu ta ba ta rabi, ta tambaye ta ko dalbejiyar nan tana nan, ko an sare.